Kwalba Ɗaya, Ciwo Biyu

Ni ne Rabe mai gyaran agogo a bakin Ƙofar Marusa.
Shekara talatin da biyu kaina a sunkuye,
gilashi a ido, hantsaki a yatsa,
ina lallashin allurar da ta gaji da tafiya.

Bara hannun dama ya soma yi mini gardama.
Wasu tururuwa suka taso daga ƙeya,
suka bi kafaɗa, suka gangara,
suka tare a babban yatsa da manuniya.
Kusa ƙarama kamar ƙwayar gero
sai ta kuɓuce, in bi ta da rarrafe ƙarƙashin tebur.

A gida kuma Sahura ta daina ɗaura ɗankwali.
Tasar da ke saman kabad
sai ta jira jika ya taso daga makaranta.
Da dare in ta juya kan hagu,
salati nake ji a cikin duhu.

Muka ce sanyi ne ya kama mu tare.
Man zafi kwalba ɗaya, in shafa, ta shafa.
Wanzami ya kafa ƙaho, ya karɓi nasa ya tafi.
Sai da muka ga gindin kwalba bakwai
sannan Mannir ya cusa mu a adaidaita, ran wata Talata.

Likita Nuratu sa'ar autarmu ce.
Ba ta taɓa biro ba sai da ta taɓa mu.
Ta ce da Sahura, “Ɗaga.” Ya tsaya a rabi.
“Saki jiki, Mama, bari ni in ɗaga miki.”
Nan ɗin dai ya cije,
kamar ƙyauren da damina ta kumbura.
Ta manna mata gwiwar hannu a haƙarƙari,
ta juya shi waje, ya ƙi.
“Akwai sukari?”
“Shekara shida.”
Ta gyaɗa kai kamar wadda ta gane baƙo tun daga sallama.

Ni kuwa da ta kama nawa, sai ya miƙe har sama
kamar na ɗalibi mai son a tambaye shi.
Na ji kunya. Na ce ko za ta ɗauka rakiya na zo.
Sai ta karkata kaina dama,
ta ɗora tafi a tsakar kai, ta danna kaɗan.
Wayyo! Tururuwa suka fito gaba ɗaya,
da sarkinsu da dogarai, har bakin farce.
Ta ce, “Baba, hannunka ɗan aike ne.
Mai saƙon yana wuya.”

Aka kawo hotuna, ta ɗaga su a haske.
Na Sahura fes, ba tsaga, ba karaya.
“Jakar da ta lulluɓe gaɓar ce ta tsuke, ta daskare,
hoton ƙashi ba ya ganinta.”
Nawa kuwa, ta ƙirga da bakin biro:
tsakanin na biyar da na shida matashin ya lotse,
ƙashi ya tsiro ’yar ƙaya, tana tsokanar jijiya.
Na duba, na gane aikin.
Haka haƙorin agogo yake cinyewa
in ya daɗe yana juyi ba mai.

Sahura ta ce, “Yaushe zai saki?”
“Da motsa shi kullum, shekara. Wataƙila biyu.”
Ni da nake tura allura gaba da ɗan yatsa,
wannan kam ba ni da makullinsa.

Yanzu teburina yana kan bulo biyu,
agogo ke zuwa wajen idona.
Duk rabin awa in ɗaga kai in kalli titi,
ashe an yi wa shagon Ɗanlami fenti tun bara.
Ita kuma da asuba tana hawa bango da yatsu,
inda ta tsaya in ja mata layi da gawayi.
Na jiya ya ɗara na Juma'a da faɗin farce.

Ɗankwali ni ke ɗaura mata,
a karkace, tana mita.